Sun Ce A Kawo Jikinka

Zuwa ga maigidana, Abban Nana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, gwargwadon yadda mai tsaronka ya bari.

Ina cikin ɓare gyaɗa a tsakar gida Yaya Sani ya turo saƙon murya daga Kano. Tun da aka kwashe ku a tashar da kuke kwana, kai da sauran 'yan cirani, watanni ba wanda ya kai ka gaban alƙali. Yaya ya ce an samu lauya, ya shigar da takarda a babbar kotun tarayya, sunanta "habeas corpus". Saƙon ya yanke kafin ya yi bayani.

Na ɗauki wayar na kai wa Malam Isufu na lakwal, malamin makarantar boko. Ya saurara, ya cire tabarau, ya ce a Faransanci kalma mai kama da wannan jiki take nufi, wani lokaci kuma gawa. Ya ce shi dai a fahimtarsa, roƙo ake a ba da gawarka.

Kafin la'asar Inna ta shimfiɗa tabarmi. Mata sun fara zuwa har daga Kurni. Gwaggo Habi ta kwance mini kitso, ta ce in shirya shiga takaba. Nana tana bin kowa da ido.

Ana cikin haka Yaya ya kira, ya ji koke-koke, ya ce mu yi wa Allah mu yi shiru, ɗazu ya kai maka tuwo. Sannan ya yi mini bayanin abin da takardar take nufi.

Abban Nana, ka san ni da littattafan soyayya, har kana tsokanata wai zan ƙona miya saboda su. Wallahi ban taɓa karanta abin da ya kai wannan ba. Ashe akwai dokar da ke ce wa wanda ya kulle mutum: fito da shi da ransa, da ƙafafunsa, ka tsayar da shi gaban alƙali, ka faɗi dalilin riƙe shi. Ba ta tambayar ɗan wane ne. Ba ta ce ɗan Matamaye ne, baƙo ne, mai tura kurar ruwa ne ba. Tsigar jikina tashi take duk na tuna cewa wasu mutane da ba su san ka ba, suka zauna tun kafin a haife mu suka rubuta wannan dominka.

Ka ji, bayan 'yan kwanaki alƙalin farko ya ƙi karɓar roƙon, wai ba a shigar da takardar yadda ya kamata ba. Na ɗauka shi ke nan. Sai lauya ya ce a'a, sama da shi akwai wasu alƙalai, kana da haƙƙin ɗaukaka ƙara. Ashe alƙali ma ana duba aikinsa!

Lauya yana son wanda ya san ka ciki da waje ya je a zauna da shi. Baffa ya ce a bar wa Allah, matar aure ba ta shiga kotu. Na durƙusa na ce masa ga Allah na bari, shi ya sa zan bi ƙofar da Ya buɗe. Inna ce ta ce za ta riƙe Nana.

Allah Ya tsare mini kai, Ya sassauta zukatan masu riƙe da kai, Ya haska wa alƙalan gaskiya.

Na ce wa lauya ya ɗaukaka ƙarar. Ranar Lahadi zan hau mota zuwa Kano.

Matarka,
Rabi