Sun Daina Jiran Mama

Zuwa ga Yayana abin ƙauna,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Allah ya ƙara maka ƙarfi a wurin aikin nan naka da ba ya barin ka ɗaga waya. Mu nan sai godiya. Ƙafar maigidana ta warke ya koma aiki, ƙaramar 'yata kuma ta fara tafiya, ba abin da take bari a kan tebur. Mama tana cin abinci, tana shan maganinta. Amma zancenta ne ya zaunar da ni rubutu, kuma zuciyata ba daɗi.

Ka tuna na gaya maka majami'armu ta nemi tallafi daga wata gidauniya da ke taimaka wa ikilisiyoyi su raya sujadarsu, ko wace ɗarika ce. To, an samu. Aka haɗa mu da 'yan Katolika da kuma 'yan majami'ar nan ta bayan kasuwa masu tafi da tsalle, aka ce mu riƙa koyon waƙoƙin juna. Tsakani da Allah abin ya yi kyau. An gyara lasifika, an koya wa matasa kiɗa, an kafa farin allo a gaba, na'ura tana haska kalmomin waƙa a kai. Matasan da suka watse sun dawo, har ɗan Kawu, wanda ka san a da sai an ja shi da igiya.

Sai dai akwai abin da ba wanda ya tuna. Ka san yadda muke waƙa tun zamanin Baba: mai ba da waƙa ya faɗi layi, ya dakata, jama'a su amsa. Haka Baba ya riƙa ba da ita har ya rasu, saboda irin su Mama da ba su taɓa shiga aji ba. Da allo ya zo aka ce ba sauran buƙatar haka, ga sababbin waƙoƙi kuma kowane mako. Ni ina cikin mawaƙa a gaba, ina ganin fuskar kowa. Sai in hango Mama a tsaye, ido a kan allo, tana motsa baki ba sauti. Mama fa, wadda a da ake jin muryarta tun daga bakin titi.

Daga nan ta shiga kawo dalilai, yau gwiwa, gobe kai. Ran Lahadi sai ta yi wanka ta ɗaura ɗankwali, ta zauna a bakin gado ta ce mu yi gaba. Da na matsa mata, sai ta ce, "Ba wanda ya kore ni, 'yar nan. Sun dai daina jirana."

Na je na sami Fasto. Ya ce ko kusa bai lura ba. Malamin makarantar da ya rubuta takardar neman tallafin ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne, da hannunsa ya rubuta cewa burinmu a ji muryar kowa. A taron majami'un uku ma katikis ɗin Katolika ya ce su ma tsofaffinsu sun yi shiru. Aka amince a dawo da ba da waƙa. Ashe ba sauran wanda ya iya kamar Baba. Saurayin da aka sa yana da murya, amma gudu yake, bai san inda ake dakatawa ba. Na lallashi Mama ta zo. Ta buɗe baki za ta amsa, ashe an wuce ta, muryarta ta fito ita kaɗai, yara suka yi dariya. Ta zauna a hankali, kuma ba ta sake komawa ba.

Yaya, kai ka tashi a gefen Baba, kai ka gaji muryarsa da haƙurinsa. Fasto yana roƙo ka koya wa samarin nan ko ta waya ce. Amma nawa roƙon ya riga nasa. Ran Lahadi ka kira Mama. Kada ka tsaya tambayar jiki, za ta ce maka da sauƙi. Ka ba ta layi ɗaya cikin waƙoƙin Baba, ka yi shiru, ka jira ta komai daɗewa. Jiya na iske ta a kicin tana wanke kofuna, ba ta san ina bakin ƙofa ba. Sai ta ƙanƙantar da murya ta faɗi layi kamar yadda Baba yake yi, ta dakata, sannan ta amsa wa kanta. Na koma ɗaki na yi kuka.

Kawu da Gwaggo suna gaishe ka, maigidana ma haka. Ka gaishe mini da matarka da mai sunan Baba. Mama ba ta san na rubuto ba, kada ka gaya mata. Ubangiji ya kiyaye ku.

Ni ce ƙanwarka,
Auta