Hannun da Ya Ƙi Miƙewa

Litinin, 3 ga Maris

Likitar gashin ƙashi ta ce in riƙa rubuta yadda hannun yake kullum. To ga shi na rubuta: yana nan yadda yake.

Wata uku ke nan da wutar gas ta kama hannun rigata a kicin. Ta ci hannun hagu daga gwiwar hannu har hammata, ta lashi gefen wuya. Ciwon ya warke, in ji su. Abin da ba wanda ya gaya mini tun farko shi ne, fata in ta warke tsukewa take yi. Yanzu hammatar ta ɗinke kamar rigar da tela ya rage wa yadi, hannun ba ya wuce kafaɗa. Babban likita ya ce in ba ta saki ba zuwa ƙarshen Afrilu sai an koma tiyata, a yanko fata a cinya a ƙara. Wata kwanciyar asibitin ke nan.

Kwanciyar farko ce ta raba ni da ƴata. Na bar Ficika tana bina har ƙofar banɗaki tana bugawa, na dawo na tarar tana yi mini ƙiwa. Shekara biyu da ƴan watanni, me ta sani? Yaya ce ta baro gidanta ta zo ta riƙe ta, har yau kuma ita ke riƙe da ita. In na sake tafiya, na san abin da zan dawo in tarar.

Alhamis, 6 ga Maris

Likitar ta turo mini bidiyon yoga a waya, wai zai taimaka fatar ta saki. Wata siririya ce a kan tabarmar roba, ga tukwanen furanni a bayanta, tana naɗe jiki sai ka ce ba ƙashi a cikinsa. Na sa mata suna Malama Roba. "Ja numfashi, saki numfashi." Na ja, na saki, hammata ta ce ba da ita ba.

Yaya ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu. "Wai ni wannan yogar ba bautar wasu ba ce?"

Na ce, "Yaya, miƙa ce, irin wadda kike yi in kin tashi barci. Sai dai wannan da azaba."

"To Allah ya sa a dace." Da muryar da take yi in ta san ba za a dace ba.

A cikin miƙar akwai wadda ake fuskantar bango, yatsu su riƙa hawa a hankali. Akwai ƙusa a bayan ƙofa inda nake rataye tawul. Na nuna wa likitar hotonta, ta ce ranar da na taɓa ta, ba tiyata. Yau saura taƙi guda da ɗori.

Lahadi, 9 ga Maris

Ficika ta faɗi a falo, ta bugi goshi. Ni ce kusa da ita. Ta tashi tana kuka, ta zagaye ni, ta tafi kicin wurin Yaya.

Jumma'a, 14 ga Maris

An ce tabon yana son a shafa masa mai da safe, da rana, da yamma, kuma mai marar turare. Ni da na yi shekara bakwai ina sayar da mayukan shafawa da turaruka, wai yau ni ake yi wa bayanin mai.

Na je shagonmu. Na ja mayafi na rufe wuyan sosai. Kowa ya taso, "Sannu, ya jiki, kin ma yi kyau." Idonsu kuma yana kan wuyan. Manaja ya ce wurina yana nan, in na ji sauƙi, sannan ya tuna yana da waya da zai buga. A kan kantata an sa wata sabuwa mai dogon farce. Ba ta san ni ba. Ta ɗauko wata kwalba mai hoton koren ganye ta ce, "Anti, wannan daga itatuwa aka yi shi zalla, ba sinadari ko ɗaya." Kalmomina ne sak, har da ɗan karkata kan.

Na juya kwalbar na karanta ƙananan rubutun bayan. Ganyen yana can ƙarshen layi, bayan turare da wasu sunaye masu karya harshe. Na sani sarai ganyen jikin kwalba ado ne. Amma na buɗe na shinshina, ya yi ƙamshin mutum mai lafiya. Na saya.

Talata, 18 ga Maris

Man ya yi mini abin da na san zai yi. Ƙuraje, ƙaiƙayi, tabon ya yi jajir. Kwana uku ban iya ɗaga hannun ba, ɗan abin da na samu ya koma.

Likitar ba ta yi faɗa ba, gara ma ta yi. Ta ce duk abin da zan shafa in fara gwada shi a cikin wuyan hannun dama, in bari ya kwana. Ta ce in nemi abu ɗaya tak, wanda ba a haɗa shi da komai ba. Man kwakwa ko ɗanyen man kaɗe. Na kwakwa ya yi ruwa, bin riga yake. Man kaɗen ya zauna lafiya, fatar ta karɓe shi.

Sai dai warinsa. Hayaƙi-hayaƙi yake yi. Ni da wuta ta ci, kuma in yini ina warin hayaƙi. Da can in na wuce, mata har juyowa suke yi su tambaye ni sunan turarena.

Asabar, 22 ga Maris

Baban Ficika ne ke shafa mini a bayan kafaɗa, inda hannuna ba ya kai. A hankali yake yi, ba laifinsa. Amma bango yake kallo har ya gama. "Ai ya yi kyau sosai," in ji shi. Na ce, "Ka gani ne?" Ya ci gaba da shafawa, ni kuma na yi nadamar tambayar.

Ƙusa: saura taƙi guda. Ita ba ta saukowa, ni ba na hawa.

Laraba, 26 ga Maris

Yau Ficika ta ce wa Yaya "Umma". A gabana, tana miƙa mata takalmi.

Yaya ta daburce. "A'a, ni Inna ce. Ga Umma can, je ki ta sa miki." Ficika ta kalle ni, ta cusa fuska a zanin Yaya. Na yi dariya na ce ƙyale ta, yara ai haka suke. Na shiga banɗaki na kunna famfo.

Ba na jin haushin Yaya. Wallahi ba na ji. Ta bar nata gidan saboda ni. Amma in na ga ta sunkuya ta sure yarinyar da hannu biyu, ta cilla ta sama ta cafe, sai in kau da kai. Ni ko butar shayi cikakkiya ba na ɗagawa da hagun.

Litinin, 31 ga Maris

Ban yi ba yau. Malama Roba ta naɗe ita kaɗai.

Jumma'a, 4 ga Afrilu

Na koma, don na rasa abin yi da safiyar.

A duk abin da Malama Roba ke koyarwa ɗaya kawai nake so. Ka durƙusa, ka zauna a kan dugaduganka, ka kai goshi ƙasa, ka miƙa hannaye gaba iya inda suka tsaya. Yana jan hammatar sosai, har sai na ji kamar za ta yage. Amma ba mai ganin fuskarka. In hawaye ya zo, tabarma ce ta sani.

Ina cikin yi na hango ƙafafu biyu ƙanana a ƙarƙashin labule. Wayar take leƙe, ba ni ba. Ina ɗago kai ƙafafun suka ɓace.

Talata, 8 ga Afrilu

Yaya tana haɗa wanki sai gidan ya kaure da ihu. Ficika ta riƙe wani ƙyalle, Yaya tana ja. Na duba, ashe tsohon mayafina ne na zuwa aiki, mai ruwan toka. Na ɗauka ya ɓace.

Yaya ta ce, "Tun ranar da aka kwantar da ke take jan sa. Ba ta barci sai da shi. Ya yi dauɗa har ya gaji, amma in na taɓa shi sai ka ce na taɓa ranta."

Da Ficika ta yi barcin rana na je na zare gefensa na kai hanci. Shagon ne gaba ɗaya a ciki, da turaren da nake fesawa kafin in fita. Ni ce, ta da. Na daɗe tsaye a kanta.

Ashe ba ta manta da Umma ba. Tana da Ummanta a ƙarƙashin kumatu. Wannan mai warin hayaƙin ce ba ta sani ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na yi wauta, amma bari in rubuta.

Na ɗauko turaren daga ƙasan durowa. Ban kai shi kusa da tabon ba, na fesa a hannun dama da gefen riga. Na zauna a ƙasa a falo kamar ba ruwana.

Ficika ta zo. Ta matso har ta dafa gwiwata, tana buɗe hanci. Sannan ta ɗaga kai ta kalli wuyan. Ta janye hannunta ta ja da baya, ba kuka, ba komai, ta tafi ta ɗauki mayafin.

Ba hanci kaɗai gare ta ba, tana da ido. Ni ce na so in manta.

Da yamma wuyan ya fara ƙaiƙayi, ko iskar turaren ba ya so. Na wanke, na mayar da man kaɗena.

Laraba, 16 ga Afrilu

Ƙusa: saura yatsa uku a kwance. Yaya ta ce in yi ɗage mana, wa zai sani? Na ce hammatar za ta sani.

Tun jiya ba ya ƙaruwa. Akwai wata jijiyar fata da ta miƙe daga hannu zuwa haƙarƙari, tauri kamar igiyar shanya. Na shafa, na murza, na ja numfashi, na saki. Ko a jikinta.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Babban likita ya ɗaga hannun, ya latsa igiyar nan da babban yatsa, ya kalli likitar gashin ƙashi. Tun daga kallon na gane.

Litinin za a yi tiyatar. Sati biyu a kwance, ko fiye. Ya ce miƙar ba ta tafi a banza ba, ta sa aikin zai yi sauƙi. "Kin yi ƙoƙari." Ba kalmar da na tsana yanzu kamar ƙoƙari.

A mota Baban Ficika ya ce zai riƙa kawo ta. Na ce kada ya kawo. Ta gan ni da wannan ma ta gudu, ina ga da bandeji da robar ƙarin ruwa.

Na dawo na rataye tawul a ƙusar da hannun dama.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ba dalilin yin yoga yau, wuƙa ce za ta yi sauran. Amma na idar da abin da nake yi na ga na shimfiɗa tabarmar. Jiki ya saba, shi ke nan. Ko wayar ban kunna ba.

Ina durƙushe, goshi a ƙasa, hannaye a gaba, sai na ji tafiya. Ban ɗago ba. Na ji an dafa bayana. Sai gwiwa ɗaya, sai ta biyu. Ta hau, ta kwanta rub da ciki, ta zuro hannaye ta wuyana. Ta yi nauyi. Yaushe ta yi nauyi haka?

Nauyin ya danna kafaɗar, hammatar ta ɗauki zafi kamar ranar farko. Ban motsa ba. Ko numfashin da Malama Roba ke ta nanatawa ban ja ba.

Fuskarta tana daidai gefen tabon. Na ji tana shinshinawa. Ta sa yatsa ɗaya ta taɓa, ta cire, ta sake taɓawa. Sannan ta ce, "Umma, wari."

Na ce, "E, wari."

Ta zauna abinta tana wasa da kunnena har ƙafafuna suka yi sanyi suka mutu. Yaya ta leƙo, ta koma da baya. Da ta gaji ta sulale ta sauka, ta tafi neman mayafinta. Da rana na miƙa mata hannu, ta ƙi zuwa.

Ban sani ba ko wani abu ne. Wataƙila doki ta samu.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na haɗa jaka. Riguna masu maɓalli a gaba, silifa, caja, gwangwanin man kaɗe. Tabarmar ba ta shiga ba, na ce Baban Ficika ya kawo mini daga baya, in sun yarda.

Turaren na ba Yaya. Ta ce, "Ke fa?" Na ce ya ishe ni haka.

Ba na sa rai. Sati biyu a wurin mai shekara biyu ba kaɗan ba ne, na riga na gani. Zan dawo da sabon tabo a cinya, da wani a kan tsohon, ta sake zagaye ni ta wuce kicin.

Ɗazu da Ficika tana barcin rana na sake buɗe jakar na ciro gwangwanin. Na lakato kaɗan, na murza a tafin hannu har ya narke, na shafa a gefen mayafin, wajen da take sa kumatu. Ta motsa, ta yamutsa hanci, na ce shi ke nan za ta ture shi.

Ba ta ture ba.

Na ce wa Yaya kada ta wanke shi sai na dawo.