A Ina Ka Kwantar da Gafaru?

Nima, Accra
Watan Rajab, 1986

Zuwa ga Moro,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya kai da aikinka. Mu nan sai godiya, ban da ƙafar matata Zuera da ta ƙi sauƙi.

Bayan gaisuwa, shekara da shekaru ina tambayarka abu ɗaya, kai kuwa sai hotuna kake aiko mini. Kai ka ja ɗana Gafaru zuwa jirgin ruwa a Tema. Kai ka ce ku sauka a Guatemala ku bi Turawa cikin kurmi, kuna share musu kangon mutanen da. Da zazzaɓi ya kashe shi, layi biyu ka rubuto: ya rasu, an binne shi kusa da sansani. Shi ke nan, kamar akuya.

Na ga hotunan. Na ga dutse kan dutse, matakala har ta wuce kan itatuwa. Na ga tsuntsu mai baki kamar ayaba, da birin da ka ce rurinsa ya fi na zaki. To, madalla. Ni biri na haifa?

Wa ya yi masa wanka? Wa ya tsaya masa salla, tunda ka ce kai kaɗai ne Musulmi a wurin? Ka duba alƙibla, ko dai inda ƙasa ta yi laushi ka haƙa? Ka ce damisa tana zagaya sansaninku. Ramin ya yi zurfi?

Abin da ya hana ni cin abinci shi ne hotonka na ƙarshe: kana dariya a cikin rami, ƙashin mutum a gabanka. Ashe aikinku tonon kaburbura ne. Mutanen da suka tono sarkin da ya gina wancan dutsen suka zuba shi a akwati, ɗan Nima za su ƙyale? Uwarsa ban nuna mata ba.

Kada ka sake turo mini tsuntsu. Ka je kabarin da ƙafarka, ka tsaya a kansa, ka rubuto mini ko ɗana yana ciki har yanzu. Na tsufa, Moro. Ka ba ni amsa.

Zuera tana gaishe ka. Allah ya shirye ka.

Ni ne uban abokinka,
Baba Gajere