Fatalwar Kan Gada

Ya Okoma, farin watana, furen farkon bazara, inuwar da nake gudu zuwa gare ta, ke da harararki ta fi murmushin duk 'yan matan birninmu Edo daɗi,

An ce kin rantse ba za ki ƙara kallon inda nake ba. Kina da gaskiya. Amma ki daure ki karanta tukuna, kya hura wutar taliya da takardar daga baya.

Kin tuna ranar da ruwa ya tsare ni a rumfarku ta bakin gada? Kika miƙo mini kwanon taliya yana tururi, kika ce in ci a hankali, ba mai ƙwacewa. Tun ranar ban sake zama mutum ba. Da tsohon da ke yi mana zane ya kawo hoton gadar in sassaƙa a kan katakon da ake buga shi a takarda da shi, ga kogi, ga Dutsen Fuji can nesa, ga 'yan dako suna gudun ruwa, sai na ga duk aikin banza ne tunda ba kya ciki. Na faki idonsa na ƙara ki a tsakiyar gadar, riƙe da laima.

Kin san abin da ke kan katako a juye yake fita a takarda. Zanen tsoho a kife muke manna shi a kan katakon, shi ya sa nasa ke fita daidai. Ke kuwa daga zuciyata na ɗauko ki, ita kuma ba ta iya kifewa ba. Na naɗa miki riga yadda na saba ganinki, hagu a kan dama. Aka buga, sai ga ki dama a kan hagu, naɗin da gawa kaɗai ake yi wa.

Yanzu duk gari rububin hoton fatalwar kan gada ake yi. Maigidan shagonmu, da ya tashi korata, yanzu ya hana a gyara, wai bai taɓa ciniki irin wannan ba. Har an ce wani limamin haikali sai da ya yi miki addu'a kafin ya karɓi kwano daga hannunki. Na yi iya ƙoƙarina kada in yi dariya. Amma tsakani da Allah, wace fatalwa aka taɓa saya aka liƙa a bango don tsabar kyau?

Abin da ba na dariya ba shi ne, babanki Jinbei ya koro dattijon da na tura neman aurenki. Ya ce ba ya ba da 'yarsa ga wanda ya riga ya kashe ta. Na san Baba, a gabanki ba shi da ta cewa, kalma ɗaya daga bakinki ta isa. Ke ɗin kuma kin yi shiru. Ina jin tsoro, Okoma. Abinci ya ƙi shiga.

Ki zo shago ki ga katakon da idonki. A kansa kina raye, rigarki daidai. Jibi za a sake bugu. In kin zo, zan ƙwaƙule wurin in cusa sabon itace in dawo da ke duniya, Maigida ya kore ni in ya so. In ba ki zo ba, akwai ɗan fili kusa da ke a ƙarƙashin laimar. Nan zan sa kaina, rigata dama a kan hagu, kuma wannan karon ba kuskure ba ne.

Naki a duniyar nan da ma waccan,
Tomekici masassaƙi