Jar Baƙuwa a Gidan Halilu

Daga Halilu mai masaukin fatake a Illela, zuwa ga yayana Malam Attahiru, magatakardan alƙali a Sakkwato. Gaisuwa mai yawa, da fatan iyali suna lafiya.

Bayan haka, Yaya, kaina ya ɗaure. Wani likita Bafaranshe ya sauka gidana daga Ƙonni da wata halitta a cikin keji, ya bar min ita amana ya nufi Tawa. Yanzu labari ya zo ya mutu a hanya. Ya ce sunan irinta orangutan, daga wani tsibiri can bayan ƙasar Hindu. Na ɗauka biri ce, amma ko ɗan guntun wutsiya ba ta da shi. Gashinta ja kamar an sa mata lalle, hannuwanta har idon sawu, kuma da ƙafa take riƙe ludayi. Matata Hindatu ta duba haƙoranta ta ce yawansu ɗaya da namu, har ta raɗa mata suna Baraka.

Ga masifar. Na sa mata sarƙa don kada ta shiga kasuwa, sai wasu fatake suka kai wa Turawa ƙara wai ina ɓoye baiwa a gida. Ka san abin da ake yi wa mai cinikin bayi yanzu. Dogarin da aka aiko ya dube ta, ita ma ta dube shi, sai ya ce min, "Ni ban san mi zan hwaɗa musu ba."

Don Allah ka buɗe min littattafai. Mutum ce ko dabba? Wassalam.

*

Daga Attahiru zuwa ga ƙanena Halilu. Aminci ya tabbata gare ka.

Tun kana yaro duk abin da aka ce riƙe min sai ka riƙe, ga inda ya kai ka. Na duba littattafai ban same ta ba. Sai na je wurin Alhaji Maccido, wanda ya zauna da mutanen Jawa, na can wajen tsibirin nan, a Makka. Ya ce ya ji labarinta a bakinsu: a kan bishiya take rayuwa ita kaɗai, uwa tana ɗauke da ɗanta shekara da shekaru kafin ta yaye shi. Ba ta magana. Amma ya ce tsofaffinsu na cewa ta iya, ƙi take yi don kada a sa ta aiki. Wannan bai taimake ni da kome ba.

Za a saurari ƙararka bayan salla. Kafin nan ka ɗaure ta cikin awaki, kada kowa ya ga ana yi mata abin da ake yi wa mutum. Ka ja kunnen Hindatu. Allah ya fid da mu kunya.

*

Daga Halilu zuwa ga Yaya Attahiru. Gaisuwa da ban girma.

Na ɗaure ta cikin awaki yadda ka ce. Ta zauna ta kwance ƙullin igiyar a tsanake, ta kwance na awakin ma, ta haye tsamiya. Kullum la'asar sai ta lanƙwasa rassa ta yi sabon gado, ba ta komawa na jiya. Da aka yi ruwa ta ɗauki faifan Hindatu ta rufe kai. Ba ta kula nama, sai ɓaure da kanya da fura.

Ruwan nan ne ya sa mata tari. Yaya, Baraka ta mutu ranar Laraba, kanta a cinyar Hindatu, tana riƙe da yatsanta.

Dogari ya yi murna. Ya ce a feɗe ta a aika fatar Sakkwato, da Bature ya gani magana ta ƙare. Na san gaskiyarsa ce, har na ɗauko wuƙa. Hindatu ta tsaya a bakin ɗaki ta ce, "Wadda tas sha hura hannuna ba mai feɗe ta, sai dai a kai ka gidan yari." Ni ma da na kalli tafin hannun Baraka, da zanensa irin nawa, sai na kasa.

Mun naɗe ta a zane mun binne a gindin tsamiya. Liman ya ƙi zuwa, ba a yi salla ba, amma maƙwabta sun gani. Yanzu ba ni da fatar da zan nuna, sai kabari a gidan wanda ake zargi da ɓoye baiwa. Tsoro nake ji, kuma har yau ban san wa na binne ba. Ka yafe min.

*

Halilu, bayan gaisuwa.

Na tsaya gaban alƙali na rantse dabba ce, Alhaji Maccido ya ba da shaida. An kori ƙarar, ka kwantar da hankalinka.

Amma rantsuwar nan ta tsaya min a rai. Abu ɗaya nake so in sani, kada ka rubuta, ka faɗa wa mai kawo takardar nan da baki. Da kuka kwantar da ita, gabas kuka juya fuskarta?

Ka yi wa Hindatu gaisuwa. Yayanka, Attahiru.