Mai Shuɗin Murfi

Kumasi, ranar Laraba

Zuwa ga Inna, a Argungu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙarfin jiki, ya aikin fadama? Ya jikanyarki Adama, marainiyar Allah? Ni lahiya lau nike. Ruwan sama ya ɗan ɓata muna albasa, tarin nan da nike fama da shi ma da sauƙi, kar ki sa shi a ranki.

Direban da ya kawo takardar ga zai ba ki madarar jarirai mai shuɗin murfi. Don Allah a daina ba ta mai jan murfin da na aiko watan jiya.

Ga dalili. Jiya da azahar ina cikin kanti, na miƙa hannu zan ɗauki mai jan murfi, sai wata mace daga bayana ta ce, da harshenmu na Kabi, "Malam, ba wagga ba. Tana kumbura ma yarinyar ciki, kwana take kuka. Ɗauko mai shuɗi."

Na waiwaya, ba kowa sai mai kanti, ita ko ba ta jin Hausa.

Inna, muryar uwarta ce, mai ɗakina, marigayiya Ummu Hani. Ni da na raka gawarta bayan suna, muryar nan ba za ta ɓace mini ba.

Ki gaya mini gaskiya, cikin yarinyar na kumbura? Ku dai ba ku faɗa mini ba.

A yi ma marigayiyar sadaka ranar Juma'a, Allah ya jiƙan ta. Abin da ya tsaya mini a rai, ba ta kama sunan Adama ba. Har yanzu kunyar 'yar fari take yi.

Ɗanki,
Rabi'u