Yaya Mas'udu Ya Ƙi Shiga Motar Shanu

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Kisa. Alƙali ya yanke wa Yaya Mas'udu hukuncin kisa, wai yana kai wa 'yan bindiga rahoto. Mutumin da ya shiga daji don sulhu kawai! Kan mashin aka dawo da ni Bakura.

Laraba, 9 ga Oktoba
Na kasa cin komai. Rabin rayuwarsa yana koya wa manoma da makiyaya cewa doka uwa ce, ba a ɗaga mata hannu. To ga uwar tasa nan.

Asabar, 12 ga Oktoba
Sikarinsa ya tashi, an kwantar da shi asibiti a Mafara. Gandiroban da ke gadinsa, Hamidu, tsohon ɗalibinsa ne. Ya ja ni gefe ya ce ran kasuwa zai tafi alwala ya daɗe. Ɗantala direba ya yarda ya ɓoye shi cikin motar shanu har Kudu. Raina ya dawo.

Talata, 15 ga Oktoba
Ya ƙi.

Mota na jira a kara, kasuwar shanu, ni ina durƙushe gaban gado ina roƙo kamar yaro. Ya ce, "Hashimu, ni na kai ɗan Arɗo Jatau kotu da hannuna sa'ad da ya sari mutum a Maradun. Ubanai ya ba ni shi bisa amana, yana can ɗaure har yau. In na gudu, mi zan ce mai?" Na ce ai shi yaron ya yi laifi, kai fa? Ya ce a ɗaukaka ƙara. Har tambayata ya yi ko an yanke gero.

Hamidu ya dawo da buta ya tarar da shi zaune. Hamidun ya juya ya fuskanci bango yana kuka. Wallahi na ji haushin Yaya kamar in mare shi.

Alhamis, 17 ga Oktoba
An wuce da shi Gusau da ankwa.

Juma'a, 25 ga Oktoba
Shanu sun kwana cikin dawata ta Birnin Tudu, sun yi mata kaca-kaca. Yarana suka zaro adduna. Ban san lokacin da na tare ƙofa ba, na ce kowa ya aje, wurin hakimi za mu. Anas, babbansu, ya tsaya yana kallona, ya ce, "Baba, bayan abin da anka yi ma Kawu?"

Har yanzu ina cewa wauta Yaya ya yi. Gobe da safe za mu wurin hakimi.